Tarihin Ross Harrison, masanin da ya fara raya tsokar jiki a cikin gilashi

A ɗakunan gwaje-gwaje da dama na ƙasashen Turai da Amurka da Japan, ana renon 'yan guntayen fatar ɗan'adam masu rai a cikin wasu ƙananan kofuna na roba, faɗin kowane guntu bai kai santimita ɗaya ba. A kansu ake ɗiga sinadaran da za a zuba a rinin gashi ko man shafawa, domin a gano ko za su yi wa ƙwayoyin gadon mutum lahani, aikin da a da ɓeraye da zomaye ne ke biyan kuɗinsa da rayukansu. Idan aka bi salsalar wannan fasaha, sai an dangana da birnin Baltimore na ƙasar Amurka a shekarar 1907, inda wani malamin jami'a mai suna Ross Granville Harrison ya rataye ɗigon ruwan jikin kwaɗo a ƙarƙashin wani ɓallin gilashi. Shi kuwa a lokacin ba fata ce a gabansa ba, ba kuma ceton dabbobi ba. Wata gardama ce ta masana a kan jijiya yake son ya raba.

An haifi Harrison ranar 13 ga watan Janairun 1870 a unguwar Germantown da ke birnin Philadelphia. Mahaifinsa injiniya ne, kuma tun yaron yana ƙarami iyalin suka koma Baltimore da zama. Yana ɗan shekaru 16 ya shiga jami'ar Johns Hopkins, wadda a lokacin shekarunta goma kacal da kafuwa, an kuma gina ta ne bisa tsarin jami'o'in Jamus, inda ake sa ran malami ya riƙa bincike da hannunsa, ba karantar da abin da wasu suka rubuta kaɗai ba. Ya sami digirinsa na farko a 1889, ya ci gaba da nazarin halittu a ƙarƙashin William Keith Brooks. Cikin abokan karatunsa har da Thomas Hunt Morgan, wanda sunansa zai sake ɓullowa a wani muhimmin lokaci na rayuwarsa.

A wancan zamani duk matashin da ke son ya ƙware a kimiyyar halittu, Jamus yake nufa. Harrison ya tafi birnin Bonn a 1892 wurin Moritz Nussbaum, inda ya yi nazarin yadda fukafukan kifi ke tsirowa. Ya dawo gida ya karɓi digirin digirgir a 1894, ya koyar shekara guda a kwalejin mata ta Bryn Mawr a madadin Morgan, sannan ya sake komawa Jamus. A 1896 ya auri wata Bajamushiya mai suna Ida Lange, wadda suka haifi 'ya'ya biyar da ita. A 1899 jami'ar Bonn ta ba shi digirin likita, ko da yake bai taɓa buɗe asibiti ko duba marar lafiya ba. Jamusanci ya zauna a bakinsa har yana rubuta sakamakon bincikensa da shi. Wannan kusanci da Jamus ya amfane shi ƙwarai a ƙuruciya, daga baya kuma ya jawo masa baƙin jini.

Gardamar jijiya

Daga 1896 Harrison ya kama aiki a sashen nazarin sassan jiki na makarantar likitanci ta Johns Hopkins, ƙarƙashin Franklin Mall. A shekarar ce wani Bajamushe, Gustav Born, ya nuna cewa ana iya yanka 'yan tayin kwaɗi biyu a haɗa rabin wannan da rabin wancan, su manne su ci gaba da girma. Harrison ya ɗauki wannan dabara ya ƙara mata wayo. Ya riƙa haɗa kan wani nau'in kwaɗo mai duhun launi da gangar jikin wani nau'in mai haske, ta yadda idan ƙwayoyin halitta suka yi ƙaura daga wannan sashe zuwa wancan, launinsu zai tona musu asiri. Aiki ne da ake yi da allura da 'yar ƙaramar wuƙa a kan halittar da tsawonta bai wuce 'yan milimitoci ba, kuma abokan aikinsa sun shaide shi da tsayayyen hannu da haƙuri.

Babbar tambayar da ta raba kan masana a lokacin ita ce yadda jijiyar da ke ɗaukar saƙo ke samuwa a jiki. A jikin babban mutum akwai zaren jijiya da ke tashi daga laka har zuwa yatsan ƙafa, tsawon kusan mita guda, alhali ƙwayar halitta ba a ko ganinta sai da madubin likita. Wilhelm His na Switzerland da Santiago Ramon y Cajal na Spain sun tafi a kan cewa ƙwaya guda ce ke miƙa zaren, kamar yadda kabewa ke yaɗo daga gindinta. Wasu kuma suka ce a'a, ƙwayoyi ne masu yawa ke jeruwa su haɗu kamar sarƙa. Victor Hensen da magoya bayansa na ganin tun farko akwai siraran gadoji tsakanin ƙwayoyin ɗan tayi, waɗanda amfani ke mayar da su jijiya. Gardamar ta yi zafin da ko a bikin ba da lambar yabo ta Nobel na 1906, da aka raba tsakanin Cajal da Camillo Golgi na Italiya, mutanen biyu sun gabatar da jawaban da suka saɓa wa juna a kan yadda jijiyoyi suke.

Abin da ya hana a raba gardamar shi ne kowa matacciyar tsoka yake dubawa. A kashe ɗan tayin, a busar da shi da sinadari, a yanka shi siriri-siriri, a rina, sannan a duba. Wanda ya ga sawu a kan rairayi yana iya yin musu a kan ko tafiya aka yi ko dawowa. Harrison ya fara da cire ƙwayoyin da ke yi wa jijiya kube daga jikin ɗan tayin kwaɗo, ya ga jijiyar ta tsiro ba tare da su ba. Duk da haka masu adawa suka ce ai sauran tsokar jiki na nan kewaye da ita, mai yiwuwa ita ce ta samar da gadojin. Sai ya ga babu mafita illa ya raba jijiyar da jikin baki ɗaya.

Ɗigon da aka rataye

Dabarar da ya yi amfani da ita aro ce daga masu binciken ƙwayoyin cuta, waɗanda suka saba duba su a cikin ɗigon ruwa da ke rataye. Ya yanko ɗan ƙanƙanin yanki daga wurin da laka za ta fito a jikin ɗan tayin kwaɗo mai tsawon kimanin milimita 3, tun kafin wata jijiya ta bayyana. Ya ɗebo farin ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin fatar babban kwaɗo, wanda ke daskarewa kamar jini idan ya fito, ya ɗiga a kan ɓallin gilashi, ya sa yankin a ciki. Da ruwan ya daskare sai ya kife gilashin a kan wani mai ɗan rami a tsakiya, ya liƙe gefen da kakin kyandir don kada ya bushe.

Gwaje-gwajen farko sun lalace, domin ƙwayoyin cuta kan mamaye ɗigon cikin kwana ɗaya ko biyu su cinye komai. Ba a gano maganin kashe su irin su penisilin ba tukuna, saboda haka tsabta ce kaɗai makami. Ya koma yana ƙona gilasai da allurai da wuta, yana tafasa kayan aiki, yana wanke 'yan tayin da ruwan da aka tace, abin da ya sa aikin ya zama mai cin rai har ba ya iya shirya ɗigo da yawa a rana. Amma da ya kiyaye wannan, yankunan suka riƙa rayuwa mako guda, wasu har kusan makonni huɗu.

A nan ne ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani da idonsa. Daga gefen tsokar siraran zaruruwa suka riƙa fitowa suna ratsa daskararren ruwan, inda babu wata ƙwaya ko gada da za a ce ita ta haife su. Bakin kowane zare na motsi ba tsayawa, yana miƙa 'yan yatsu yana janyewa, kamar makaho na laluben hanya da sanda. Ya zauna yana zana su yana auna su, ya ga wani zare ya ƙara kashi ɗaya cikin 50 na milimita a cikin minti 25. Cajal ya riga ya siffanta wannan baki mai motsi tun 1890 daga matattun yankuna, ya kuma yi hasashen cewa tafiya yake yi. Harrison ne ya kama shi yana tafiyar. Ya ba da taƙaitaccen rahoto a 1907, cikakken bayanin kuma ya fito a 1910.

Ba shi ne mutum na farko da ya riƙe tsoka da rai a wajen jiki ba. Wilhelm Roux ya yi haka da yankin ɗan tayin kaza na 'yan kwanaki a 1885, kuma a 1898 wani likita ɗan Sweden mai suna Ljunggren ya adana fatar mutum a cikin ruwan ciki har aka sake dasa ta. Bambancin shi ne waɗannan sun jinkirta mutuwar tsoka ne kawai. A hannun Harrison tsokar ta ci gaba da girma da aikinta, ta amsa wata tambaya takamaimai, kuma ya rubuta hanyar dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa. Dalilin da ya sa ake danganta farkon wannan fanni da shi ke nan.

Ya ɗan ci gaba da gwajin bayan ya koma jami'ar Yale a 1907. Ya lura cewa a cikin ruwa tsantsa ƙwayoyin ba sa tafiya ko'ina, sai sun sami abin takawa. Don tabbatar da haka ya shimfiɗa musu saƙar gizo-gizo a cikin ɗigon, suka kuwa bi zaren suna tafiya a kansa. Ƙaramin bincike ne da ya wallafa a 1914, amma duk mai gina fata ko wata tsoka a yau da wannan ka'ida yake farawa, wato sai an tanadar wa ƙwayoyin shimfiɗar da za su kama.

Daga nan sai ya ajiye dabarar. A wurinsa kayan aiki ce da ta gama amfaninta. A 1910 wani matashin likita, Montrose Burrows, ya zo daga cibiyar Rockefeller ta New York ya koyi hanyar a wurinsa, ya maye gurbin ruwan kwaɗo da ruwan jinin kaza, wanda ya fi samuwa ya kuma fi daskarewa da kyau. Maigidan Burrows shi ne Alexis Carrel, likitan fiɗa ɗan Faransa, mutum mai son a san da shi, saɓanin Harrison da ba ya son hayaniya. A watan Janairun 1912 Carrel ya fara renon wani yanki na zuciyar ɗan tsako, aka yi ta shelar cewa ba ya mutuwa, jaridu na taya shi murnar zagayowar shekara, har zuwa 1946 da aka zubar da shi. Sai a 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyin mutum na daina rabuwa bayan kimanin sau 50, abin da ya jefa shakku mai ƙarfi a kan labarin zuciyar. Amma a tsawon waɗannan shekaru, idan aka ambaci raya tsoka a gilashi, sunan Carrel jama'a suka sani.

Yaƙi da lambar da ba ta zo ba

Shigar Amurka yaƙin duniya na ɗaya a 1917 ta sa Harrison cikin tsaka mai wuya. Matarsa Bajamushiya ce, malamansa Jamusawa ne, kuma a sabon ɗakin binciken Osborn da ya jagoranci ginawa a Yale akwai baƙi Jamusawa biyu da yaƙin ya rutsa da su, Richard Goldschmidt da Rhoda Erdmann. A 1918 hukumomi suka tsare su duka biyun bisa zargin da bai tabbata ba. Harrison bai juya musu baya ba, wannan kuwa ya sa wasu suka riƙa yi masa kallon mai fuska biyu. Erdmann, bayan an mayar da ita gida, ita ce ta kafa sashen raya ƙwayoyin halitta a Berlin, ta kuma fara buga mujallar wannan fanni a 1925.

A shekarar ta 1917 ne mafi rinjayen 'yan kwamitin Nobel na fannin likitanci suka ba da shawarar a ba Harrison lambar saboda binciken jijiya. Amma cibiyar Karolinska ta Stockholm, wadda ke da ta cewa ta ƙarshe, ta yanke shawarar ba za a ba kowa ba a shekarar, kamar yadda aka yi a sauran shekarun yaƙin daga 1915 zuwa 1918. An sake duba sunansa a 1933, sai masu tantancewa suka ga binciken ya tsufa, amfanin dabarar kuma taƙaitacce ne. Lambar ta shekarar ta tafi ga tsohon abokin karatunsa Morgan, saboda aikinsa a kan gado.

Ba za a ce masu tantancewar sun yi ganganci ba, domin a 1933 raya tsoka aiki ne mai tsada da wahala wanda bai warkar da kowa ba. Sai dai shekaru 16 bayan haka John Enders da Thomas Weller da Frederick Robbins suka raya ƙwayar cutar shan inna a cikin tsokar mutum da ke gilashi, abin da ya share fagen samar da allurar rigakafin cutar a 1955. Su ukun sun karɓi lambar Nobel a 1954, Harrison na da rai.

Shi dai ya riga ya mayar da hankalinsa wani wurin. Shekaru kusan 30 ya yi yana aiki da 'yan tayin salamanda, wata halitta mai kama da ƙadangare da ke rayuwa a ruwa da tudu. Yakan yanke ɗan tudun da zai zama hannun dama ya dasa shi a hagu, ko ya juya shi sama ta koma ƙasa, ya jira ya ga wane irin hannu zai fito. Da haka ya gano cewa tsoka tana sanin gabanta da bayanta tun da wuri, amma sama da ƙasa sai daga baya take tsayar da su. Rahotonsa na 1921 a kan wannan har yanzu ana karantar da shi. Ya kuma riƙe editan mujallar Journal of Experimental Zoology tun kafa ta a 1904 har zuwa 1946. Wannan ɗawainiya, tare da ɗabi'arsa ta ƙin sakin rubutu sai ya gamsu da kowace jimla, ta sa abin da ya wallafa bai kai yawan abin da ya gano ba.

Ya yi ritaya daga Yale a 1938, amma a shekarar aka naɗa shi shugaban majalisar bincike ta ƙasa, muƙamin da ya riƙe har 1946, wato duk tsawon yaƙin duniya na biyu, lokacin da gwamnatin Amurka ke neman shawarar masana a kan magunguna da abinci da lafiyar soja. A 1949 ya gabatar da jerin laccoci a Yale da ya yi niyyar mayarwa littafi, bai kuwa kammala ba. Ya yi mummunar faɗuwa a 1955 wadda bai murmure daga gare ta ba, ya rasu a New Haven ranar 30 ga watan Satumban 1959 yana da shekaru 89 a duniya. Mataimakiyarsa Sally Wilens ce ta tattara rubuce-rubucen aka buga littafin a 1969. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa, Richard Edes Harrison, ya yi suna wajen zana taswirar duniya a mujallun Amurka.

Daga kwaɗo zuwa fatar mutum

A shekarar da ya rasu ne wasu masana biyu 'yan Birtaniya, William Russell da Rex Burch, suka wallafa littafin da ya yi kira da a maye gurbin dabbobi a gwaje-gwaje inda hakan zai yiwu, a rage yawansu, a kuma sassauta musu azaba. Cikin hanyoyin da suka sa rai a kansu har da raya tsoka a gilashi. Littafin bai sami kasuwa ba a lokacin, don kuwa gwaji a kan dabba shi ne ginshiƙin kare lafiyar jama'a daga guba. Tun 1915 Katsusaburo Yamagiwa na Japan ya haddasa cutar daji a kunnen zomo ta hanyar shafa masa kwalta wata da watanni. A 1944 John Draize na hukumar abinci da magunguna ta Amurka ya tsara gwajin zuba sinadari a ido da fatar zomo, bayan da wani rinin gashin ido ya makantar da mata a shekarun 1930. A gefe guda kuma Hermann Muller a 1927, da Charlotte Auerbach a farkon shekarun 1940, sun nuna cewa hasken hoton ƙashi da wasu sinadarai na iya sauya ƙwayoyin gado, sauyin da kan zama mafarin cutar daji. Tabbatar da cewa wani sinadari na haddasa cutar kan ci shekaru biyu da ɗaruruwan ɓeraye.

Fatar mutum ta daɗe tana gagarar masu renonta. Sai a 1975 James Rheinwald da Howard Green na cibiyar fasaha ta Massachusetts suka gano cewa ƙwayoyin saman fata na yaɗuwa sosai idan aka shimfiɗa su a kan wasu ƙwayoyin ɓera da aka hana rabuwa. Masu ƙuna ne suka fara cin moriya: a 1983 aka ceto wasu yara biyu 'yan gida ɗaya daga jihar Wyoming, waɗanda wuta ta ci fiye da kashi 95 cikin ɗari na jikinsu, da fatar da aka rena daga 'yan guntayen da suka rage musu. A daidai wannan lokaci Michel Prunieras da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa idan aka ɗaga ƙwayoyin ta yadda ƙasansu na shan ruwan abinci, samansu kuma na shan iska, sai su jeru hawa-hawa har su yi busasshen ɓawon nan da ke kare jiki. Cikin kimanin makonni biyu ake samun abin da a ƙarƙashin madubi da wuya a bambanta shi da saman fatar gaske. Ƙwayoyin kuwa daga ragowar fatar da ake yankewa a asibiti ake samo su, kamar ta kaciya ko ta tiyatar gyaran jiki. Kamfanoni suka shiga sayar da ita da sunaye irin su EpiDerm da EpiSkin, kuma ƙungiyar OECD ta amince da ita wajen gwada sinadarai masu cin fata a 2004, da masu sa ta ja da ƙaiƙayi a 2010.

Gwajin lahani ga ƙwayoyin gado ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma doka ce ta tilasta hanzarta shi. Tarayyar Turai ta haramta gwada kayan kwalliya a kan dabbobi a 2004, ta haramta gwada sinadaran da ke cikinsu a 2009, sannan a watan Maris na 2013 ta hana sayar da duk wanda aka gwada ta wannan hanya ko da a wata ƙasa ce. Matsalar ita ce gwaje-gwajen farko da ake yi da ƙwayoyin cuta, irin wanda Bruce Ames ya ƙirƙiro a shekarun 1970, da waɗanda ake yi da ƙwayoyin dabba a cikin faranti, suna da yawan ƙararrawar ƙarya. Wani nazari da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa mafi yawan sinadaran da ba sa haddasa cutar daji sukan faɗi aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje. A da idan haka ta faru sai a koma ga ɓera ya raba gardama. Da aka rufe wannan ƙofa, ya zama ko dai a yi watsi da sinadarai marasa laifi, ko a samo wani alƙali.

Hanyoyi biyu aka ɓullo da su a kan fatar da aka rena. A ta farko, wadda Rodger Curren da abokan aikinsa suka bayyana a 2006, ana ɗiga sinadarin a saman fatar sau biyu ko uku cikin awa 48 zuwa 72, a sa wani magani da ke barin cibiyar ƙwaya ta rabu biyu ba tare da ƙwayar kanta ta tsage ba, sannan a warware ƙwayoyin a ƙirga waɗanda ke da wani ɗan ƙaramin ɗigo a gefen cibiyoyin biyu. Wannan ɗigo ɓaraguzan zaren gado ne da ya karye ko ya ɓace hanya lokacin rabuwa. A ta biyu ana zuba ƙwayoyin a cikin wani abu mai kauri kamar kamu, a ratsa shi da lantarki. Zaren DNA da ya kakkarye sai ya zamo ya bar jela a baya, siffar da ta sa ake kiran gwajin da sunan tauraro mai wutsiya. Tsawon jelar da kaurinta su ne ma'aunin ɓarnar.

Fifikon wannan fata a kan ƙwayoyin faranti shi ne sinadarin na shiga ta inda zai shiga jikin mai shafa shi. Dole ya ratsa ɓawon sama, kuma ƙwayoyin mutum ne lafiyayyu ke tarbarsa da irin sinadaran da fata ke amfani da su wajen karya guba, abin da ke da muhimmanci musamman ga rinin gashi. Ƙungiyar masana'antun kayan kwalliya ta Turai ta ɗauki nauyin tantance hanyoyin biyu a ɗakunan gwaji daban-daban, inda aka raba musu sinadarai ba tare da an gaya musu sunayensu ba. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna kowace hanya ta dace da abin da aka sani daga dabbobi a kimanin kashi 80 cikin ɗari, kuma haɗa su biyun na ƙara yawan miyagun sinadaran da ake kamawa. Kwamitin kimiyya na Tarayyar Turai mai kula da lafiyar masu saye ya sanya su cikin gwaje-gwajen da za a iya bin diddigi da su idan gwajin farko ya nuna alamar haɗari.

Kashi 80 ba ɗari ba ne, kuma ma'aunin da ake gwada su da shi, wato ɓera, shi ma ba mutum ba ne. Fatar da ake renon ba ta da hanyoyin jini, akasarinta ba ta da ƙwayoyin garkuwar jiki ko ramukan gashi, ba za ta kuma faɗi abin da zai faru ba idan sinadari ya wuce ta ya isa hanta. Saboda haka amfaninta ya fi ƙarfi ga abin da ake shafawa, magungunan sha da na ƙwari kuwa dokokin ƙasashe da dama sun ci gaba da neman a gwada su a kan dabba. Masu bincike sun gwada irin waɗannan hanyoyi biyu a kan 'yan dunƙulen hanta da tsokar hanyar numfashi da aka rena daga ƙwayoyin mutum, domin sinadaran da ake haɗiya da waɗanda ake shaƙa.